Dutsen Taimamar Inna

Zayyanu na tsaye a ƙofar shagonsa na kayan sola a Mabera, cikin Sakkwato, suna ja-in-ja da wani mai sayen batir, wayarsa ta ɗauki ƙara. Kiran bidiyo ne daga ƙanwarsa Kausar. Ya katse, da niyyar in ya sallami mutumin ya kira ta. Ta sake kira, ya sake katsewa. Da kira na uku ya shigo sai ya san ba lafiya ba, don Kausar ba ta da naci.

Yana ɗagawa fuskarta ta cika wayar. Gyalenta ya zame, gumi na bin goshinta.

"Yaya Zayyanu, an kama Inna."

"An yi mi?"

"An kama ta, Yaya. Masu gadin wurin ga. Wai ta saci dutse."

Zayyanu ya juya wa mai batir baya, ya shige cikin shago.

Kausar ma'aikaciyar jinya ce a Italiya. Ita ta ɗauke mahaifiyarsu, Hajiya Atika, aka yi mata aikin yanar ido a can. Da aiki ya yi kyau sai ta ce idon da aka gyara ya kamata ya ga duniya, ta yankar musu tikitin wani makeken jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, mai bene kan bene, wanda ke bin tsibiran Girka ɗaya bayan ɗaya. Ko da safiyar nan Zayyanu ya sha dariya da bidiyon da ta turo a guruf ɗin gida. Ga Inna da baƙin tabarau a tsakiyar kufan wani tsohon birnin Girkawa, ginshiƙan farin dutse a bayanta, wasu a tsaye, wasu zube cikin ciyawa gaɓa-gaɓa kamar an yanka rake. Tana nuna wani gunki da ba shi da kai tana cewa, "Ku duba min wanga. Ko kai nai bai iya tsarewa ba, wai shi anka riƙa roƙo."

Yanzu kam ba abin dariya.

"Nutsu ki yi min bayani," in ji Zayyanu. "Wane irin dutse?"

"Nata na, Yaya! Na taimama. Ka san likita ya hana ruwa taɓa mata fuska. Azahar tay yi muna nan, nac ce mata ga duwatsu ko'ina, ta buga hannu ga ɗaya. Tac ce ita ba ta taimama bisa dutsen da anka yanka ma gunki dabba. Sai ta kwance nata, ta aje ƙasa gindin wani ginshiƙi, ta yi taimama, ta yi sallarta. Tana gamawa ta duƙa tad ɗauke shi ta ƙulle ga bakin gyale. Sai munka ji usur."

Zayyanu ya san dutsen kamar yadda ya san hannun Inna, gadonta ne daga Malam, marigayi mahaifinta. Ja ne mai duhu, bai wuce tafin hannu ba, ya yi sumul saboda shafa, da wani farin zane a kwance a jikinsa. Gefe guda a fashe yake.

"To ba sai ki ce musu namu na ba?"

"Nan ne na ɓata abin." Ta ja gyalenta ta gyara. "Ka san halinmu. Ina ganin mutum da kaki ya taso sai na kama ba shi haƙuri. Nac ce tsohuwa ta, ba ta sani ba, a yi haƙuri za mu mai da shi. Da na dawo ina cewa daga gida munka zo da shi, sai sunka ce ai na riga na amsa laihi. Nan ƙasar ko tsakuwa kad ɗauka cikin kufai kotu ta, Yaya. Ita ko Inna ta ƙanƙame dutse, tac ce sai dai su yanke hannun."

"Yanzu mi sunka ce za su yi?"

Kausar ta share fuska, ta yi ƙasa da murya. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, a tsakiyar ruwa yake tsaye, ƙananan jirage ne ke kai mutane su dawo da su. Mai yi musu jagora ta jira har ta gaji, ta tafi da sauran ayari. Saura jirgi ɗaya, na ƙarshe. Masanin duwatsun wurin ba zai zo ba sai gobe, don haka shugabar masu gadi ta kira 'yan sanda daga tsibirin da ke maƙwabtaka. In suka iso, da su Inna za ta tafi, can za ta kwana.

"Fasfonmu na cikin jirgi, Yaya. Maganin ɗiga ma ido shi ma shina can. In jirgin ga yat tashi ya bar mu, ban san abin da zan yi ba."

"Ba ni Inna."

Hoton ya juya. Wani ɗan ofis ne mai farin fenti. Inna na zaune a kujerar roba, ta miƙe baya, hannunta na dama a dunƙule kan cinya. Wani saurayin mai gadi, usur rataye a wuyansa, ya tare ƙofa. A bayan tebur kuma wata mace ce mai gajeriyar furfura, ta harɗe hannuwa.

"Inna, sannu."

"Zayyanu, kai ka iya Turancinsu, hwaɗa musu dutsen Malam na. Daga gulbin Rima yad ɗauko shi tun ba a haihi uwayensu ba. Ni da ke da dutsen uba mi zan yi da na arna? In ba su yarda ba su tai Ƙofar Marke, rabi nai na nan wajen Yaya Siddiƙu, su gani."

Ita ta faɗa ne don ta kashe magana. Zayyanu kuwa zabura ya yi.

"Kausar! Tambayi matar ga. In an nuna mata ɗayan rabin yanzu, nan Sakkwato, ta bidiyo, za ta sake ta?"

Ya ji Kausar na magana da sauri. Matar ta ɗaga kafaɗa, ta dubi agogo, ta ce wani abu gajere.

"Tac ce in ta gani da idonta za ta duba. Ba ta yi alkawari ba. Kuma in 'yan sanda sunka riga ka, magana ta fita hannunta."

Zayyanu ya zari makullin mashin. Ya leƙa shagon telan da ke kusa ya ce, "Junaidu, ja min ƙofa, zan maka bayani!" Mai batir na kiransa, ko waiwaye bai yi ba.

Sai da ya hau titi sannan nauyin abin ya sauko masa. Kawu Siddiƙu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, malami ne da ake ɗaukar karatu a zaurensa. Ranar da labarin jirgin ruwa ya kai masa, ya aika wa Inna cewa wanda ke da ƙarfin tafiya ga Umra nan, ba yawon kallon gumaka ba. Inna ta mayar masa da cewa idonta ne, ita aka yi wa aiki. Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar kiranta ba. Ga shi yau Juma'a, ranar da yake kashe 'yar wayarsa tun hantsi.

Gari ya fara haramar masallaci. 'Yan kabu-kabu na ɗibar mutane da sallaya a kafaɗa, keke napep sun cunkushe a shatale-tale kowa na danna oda. Zayyanu ya kutsa tsakanin wata motar yashi da kwata, gwiwarsa ta gogi ƙarfe, bai tsaya dubawa ba. Hanyar da ya saba bi an riga an gitta mata benci. Ya juya ya faɗa lungu, ya ci karo da masu tura ruwa sun jera kura, ya sake juyawa.

A ƙofar gidan Kawu ya jingine mashin bai ko kashe shi da kyau ba, ya yi sallama yana shiga. Goggo Sadiyatu, matar Kawu, na tsakar gida tana tankaɗe.

"Kai Zayyanu, lahiya? Wa yam mutu?"

"Ba kowa, Goggo. Ina Kawu?"

"Yau Juma'a kake tambaya ta ina Kawu? Shina masallaci tun ɗazu."

"Dutsen taimama nai hwa? Wanga ja, na Malam?"

Ta ajiye rariya ta kare masa kallo. "Dutse ka sheƙo nema haka kamar an koro ka? Ai ba ya rabuwa da shi. Shina aljihu nai. Kai, tsaya mana, mi yas samu Atika?"

"In na dawo, Goggo!"

Yana fitowa wayar ta sake ƙara. Kausar ce, ta samu an bar ta ta tsaya bakin ƙofar ofis.

"Ka same shi?"

"Shina masallaci. Ga ni nan zuwa."

"Yaya, duba."

Ta juya wayar. Kufan ya yi tsit, ba kowa sai wasu Turawa biyu da ke saukowa daga wani filin kallo mai matakalar dutse zagaye kamar ƙwarya. Hanyar da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu ta gangara tsakanin rusassun bangaye har bakin ruwa. A can ƙaramin jirgi na ɗaure, mutane na shiga. Nesa da shi babban jirgi ya yi fari fat a kan shuɗin teku. Daga wani gefen kuma wani abu na tahowa a guje, yana tsaga ruwa.

"Wancan mi na na?"

"Ban sani ba. Mai usur ya ce 'yan sandan na."

Sai babban jirgi ya busa ƙaho, wani dogon gunji da ya sa lasifikar wayar ta yi rawa a hannun Zayyanu.

Ya bar mashin a nan, ya ranta a na kare. Masallacin Juma'ar unguwa ba nisa, amma tun daga bakin titi an shimfiɗa tabarmi da kwalaye, mutane sun zauna sahu-sahu. Ya cire takalma ya riƙe a hannu, ya shiga ratsawa. Wani ya yi tsaki. Wani tsoho ya riƙe masa ƙafar wando ya ce, "Yaro, ba a tsallake wuyan mutane ran Juma'a." Ya ce, "A gafarce ni, Baba, rai na," ya fizge ya wuce.

Abin da ke cin ransa ɗaya ne. Muddin liman ya hau mumbari, magana ta ƙare. Ya san Kawu. Ko gobara ce ta tashi a gidansa, in an fara huɗuba ba zai buɗe baki ba, ba zai motsa ba sai an sallame. Kafin nan kuwa ƙaramin jirgi ya daɗe da tafiya.

Ya hango shi a sahun farko, daidai bayan liman, inda kowa ya san wurinsa ne. Farin rawani, Alƙur'ani a buɗe kan cinya. Zayyanu ya durƙusa a bayansa, ya kai baki kusa da kunnensa.

"Kawu, Allah shi gafarta Malam. Zayyanu na."

Kawu ya ƙarasa ayar da yake karantawa, sannan ya ɗan karkato.

"Nan kake biyo ni?"

"Inna ta, Kawu. An kama ta can ƙasar Girka. Sun ce ta saci dutse cikin kufai, alhali na taimama na, rabin naka. In kan nuna musu naka ta waya za su sake ta. Minti kaɗan, mu fita waje."

Fuskar Kawu ba ta motsa ba.

"Ni nat tura ta?"

"A'a, Kawu."

"Na hwaɗa mata ko ban hwaɗa ba? Tac ce min idonta na. To ga ido ya gani. Wanda yat tai kallon gunki, gunki shi hid da shi."

Ya mai da kai kan karatu. Ƙofar da liman ke shigowa ta motsa, ladan ya gyara zama yana taɓa makirfon. Wayar Zayyanu na rawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Ya ƙara matsawa kusa da kunnen Kawu.

"Kawu, ba don kallon gunki anka kama ta ba. Kausar tac ce ta yi taimama da dutsen wurin, Inna tac ce ita ba ta aza hannu bisa dutsen da anka yanka ma gunki dabba. Don haka ta hiddo na Malam. In da ta bi maganar Kausar da yanzu tana cikin jirgi tana shan shayi."

Yatsan Kawu ya tsaya a kan layi.

"Haka tac ce?"

"Wallahi haka tac ce. Kuma 'yan sanda na bisa hanya. Ga sel za ta kwana, da idon ga da anka yi ma aiki, ba magani."

Liman ya shigo, sanda a hannu. Kawu ya rufe Alƙur'ani a hankali, ya miƙa wa na kusa da shi, ya dafa kafaɗar Zayyanu ya yunƙura. Gwiwarsa ta yi ƙara. Bai kai ga juyawa ba wani ya riga ya zame cikin gurbinsa.

Fita ta fi shiga wuya. Kawu ba ya sauri, mutane kuma na ta ɗaga kai suna mamakin ganin Malam Siddiƙu ya ba alƙibla baya a wannan lokaci. Suna kaiwa ƙofa ladan ya ɗaga murya. Kafin su tsallake sahun waje su kai wani lungu a bayan masallaci, inda mai turare ya rufe teburinsa da buhu, an gama kiran salla, muryar liman ta cika lasifika.

Kawu ya ɗora yatsa a leɓe. Ya zura hannu a aljihu ya fito da dutsen, ya miƙa shi a tafin hannu. Ba zai yi magana ba, amma ga shi.

Zayyanu ya danna kira. Wayar ta yi ta juyi, ta katse. Jama'a sun yi yawa, sabis ya toshe. Ya sake dannawa, ta sake katsewa. Ya ja hannun Kawu suka ƙara nisa cikin lungu, ya ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa. A karo na uku ta shiga.

"Yaya! Ina kat tsaya? Sun iso bakin gaɓa, suna ɗaure jirginsu!"

"Ba matar wayar, maza!"

Kawu ya galla masa harara don ya yi magana ana huɗuba. Zayyanu ya kau da kai, ya saita wayar kan tafin hannun tsohon.

Fuskar shugabar masu gadi ta bayyana, ta sa tabarau. Ta ce da Turanci a matso da shi. Zayyanu ya matsar. Ta juya ta miƙa wa Inna hannu, Inna ta ƙi ba ta, sai dai ta buɗe tafinta ta ɗora a kan tebur kusa da wayar, yatsunta a shirye su rufe. Matar ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta ce a juya shi. Zayyanu ya yi wa Kawu alama, Kawu ya juya dutsen, gefen da ya fashe ya fuskanci wayar.

Hoton ya daskare.

"Innalillahi," in ji Zayyanu. Ya girgiza wayar kamar hakan zai yi magani. Fuskar matar ta tsaya cak, baki a buɗe. Liman na ta jan huɗuba a kansu. Wani kare ya ratsa lungun. Sai hoton ya dawo, matar na bin farin zanen dutsen Inna da bakin biro har inda ya yanke, sannan ta kai biron jikin wayar, inda zanen ya ci gaba a dutsen Kawu.

Saurayin mai usur ya matso yana magana da ƙarfi da yarensu, yana nuna ƙasa, yana kwatanta yadda ya ga an duƙa an ɗauka. Matar ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru. Ta tambayi Zayyanu ina yake tsaye yanzu. Ya ce Sakkwato, Najeriya. Ta ce ya nuna mata. Ya zagaya da wayar: katangar laka, teburin mai turare, bakin titi cike da fararen riguna, da Kawu a tsaye da rawani, fuska a murtuke.

Matar ta cire tabarau ta murza ido. Ta yi magana a hankali, don Kausar ta fassara.

"Tac ce ta yarda Inna ba ɓarauniya ba ta. Za ta ce ma 'yan sanda kuskure anka yi. Amma ta riga ta kai rahoto, dutse ba ya fita ƙofar ga sai masani ya duba shi gobe. In ya ce ba nasu na ba, za su aiko muna. Inna na iya tahiya yanzu, dutse shi tsaya." Kausar ta juya. "Inna, kin ji? Aje shi mu tai!"

Inna ta rufe hannu, ta mai da shi kan cinya.

"Ba inda za ni."

"Inna!"

"In bar dutsen Malam cikin gumaka shi kwana? Su aiko? Wa yat taɓa aiko ma wani dutse? Ke tai ki hau jirginki, ni ina nan."

"Inna, don girman Allah," in ji Zayyanu. "Ga su nan tahe!"

"Su taho. Ni ba ɓarauniya ba ta, ita ma ta hwaɗa. A ba ni abina in wuce."

Ƙaho ya sake busawa, sau biyu a jere. Kausar ta leƙa ƙofa ta dawo tana yarfe hannu, ta ce mutum biyu ne masu kaki, sun kamo hanyar dutse suna haurowa. Shugabar masu gadi ta dubi agogo, ta buɗe hannuwa, alamar ita ta yi iyakar nata.

Zayyanu ya dubi Kawu. Tsohon na tsaye, dutse a hannu. Shi ne mai koya wa ɗalibai cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa yi shiru liman na huɗuba ya yi wargi, wanda kuwa ya yi wargi ba shi da ladan Juma'a. Ya ɗaga kai ya dubi lasifikar da ke saman katanga. Sannan ya karɓe wayar daga hannun Zayyanu, ya kawo ta dab da hancinsa.

"Atika."

Inna ta zabura, ta cire baƙin tabarau.

"Yaya? Yaya, huɗuba aka yi, ina jin ta. Kai da ba ka magana."

"Na san huɗuba aka yi. Aje dutsen ga."

"Na Malam na, Yaya."

"Ni za ki hwaɗa ma na Malam na? Gabana yaf faɗi ya rabe biyu. Ran da Malam za shi cika, ke yab bar min amana, bai ce min dutse ba. Aje shi ki tashi."

"In bar shi nan wajen..."

"Dutse na, Atika, shina tasbihi ko ina anka aje shi. Ga wanga hannuna, in kin dawo naki na. Na bar sahu, na yi magana ana huɗuba, dut don ke. Kar ki sa in yi asara biyu. Tashi nac ce!"

Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa.

"Inna, kar ki yi kuka, idon!" in ji Kausar.

A hankali hannun ya buɗe. Dutsen ya sauka kan tebur da 'yar ƙara. Shugabar masu gadi ta ɗauke shi da hannu biyu ta sa a aljihun tebur, ta ce wa mai usur wani abu, ya matsa daga ƙofa, ta nuna musu wata siririyar hanya ta bayan ofis.

Daga nan Zayyanu bai ƙara ganin fuska ba. Kausar ta manta ba ta kashe wayar ba, tana gudu da ita a hannu. Sama, ciyawa, gindin ginshiƙi, takalmin Inna, wani gunki a kwance rub da ciki, sama kuma. Yana jin hakin Inna, yana jin Kausar na cewa, "Taka a hankali, akwai matakala, riƙe ni, saura kaɗan." Can sai ta ƙwalla ihu da Turanci, tana cewa su tsaya, su tsaya. Aka ji rurin inji. Wayar ta katse.

Ya kira, ba ta shiga. Ya sake kira. A lasifika aka ta da iƙama.

Kawu ya mai da dutsensa aljihu, ya kama hanyar bakin titi. Ba wuri sai can ƙarshen sahu, kan kwalta, rana tsaka. Zayyanu ya yage buhun da ya tsinta gefe ya shimfiɗa musu. Suka kabbara.

A raka'ar farko wayar ta fara rawa a aljihunsa. Ta yi ta yi har ta gaji. Suna ruku'u ta sake farawa. Zayyanu bai san surar da liman ya karanta ba. Kwalta na ƙona masa goshi ta cikin buhu, shi kuwa ba abin da yake gani sai igiyar jirgi da hanyar dutse da mutum biyu masu kaki. A zaman tahiya wayar ta yi shiru, shirun ya fi rawar tayar masa da hankali.

Liman na sallamewa ya zaro ta. Kafin ya danna, kira ya shigo.

Ƙarar inji ce ta fara isowa, sannan fuskar Kausar, iska na kaɗa gyalenta, tana dariya tana hawaye.

"Mun shiga, Yaya. Sun kwance igiya, wani ma'aikacin jirgi yag gan mu ya sa anka dawo. Ɗaukar Inna sunka yi cak kamar jaririya, tana ta yi musu hwaɗa."

Ta juya wayar. Inna na zaune a benci tsakanin wasu Turawa, an sa mata rigar ruwa mai ruwan lemo a kan hijabi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ba tsibirin baya. Ginshiƙan na ƙanƙancewa a bayanta.

Zayyanu ya zauna daɓas a kan buhu, sai lokacin ya ga jini a gwiwar wandonsa. Mutane na tashi suna naɗe tabarmi, wasu na zuwa gai da Kawu suna tambaya ko lafiya aka gan shi a nan baya. Kawu ya ci gaba da tasbihinsa. Sai da ya shafa addu'a sannan ya juyo.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu a tashe shi.

"Ce ma ɗiyar nan ta zaunar da ita tsakiya, ta hana ta leƙen ruwa. Tun tana ƙarama jiri gare ta, ko kwalekwalen gulbi ba ta iya hawa sai ta yi amai. Ina takalmana?"

Zayyanu ya duba hannunsa, ya duba ƙasa. Nasa kaɗai ya fito da su.